Ni da Jikata, Hirarmu Ba Ta Wuce Gaisuwa

Hajiya Haoua, salamu alaikum.

Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke damuna ba irin wanda zan iya faɗa a ƙofar masallaci ba ne. In na faɗa dariya za a yi, a ce tsoho ya rasa abin kuka. Na daɗe ina karanta filin nan naki, ina ganin masu kawo kukan rashin lafiya da na ƴaƴan da suka gagara, sai in ji kunyar nawa. Sau uku ina fara wannan takarda ina yagewa. Wannan ce ta huɗu, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan karanta ta ba kafin in aiko, don in na karanta zan kama gyara, in na kama gyara kuwa ba za ta taɓa fita daga gidan nan ba. Ki yi haƙuri da tsawonta. Sunayen da za ki gani duk na canza su.

Ni mutumin Damagaram ne, shekaruna sittin da takwas. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da Faransanci. Na fara daga wata lakkwal ta ƙauye, ƴar makarantar firamare can wajen Mirriya, na ƙare a kwaleji a nan Yamai. Da na ajiye aiki sai muka koma gidan da muka gina a Bobiel, ni da matata Kande. Lokacin da muka tare, bayan katangarmu gonakin hatsi ne. Yanzu duk gidaje ne, na matasan ma'aikata masu fita da sassafe su dawo bayan magariba. Muna gaisawa, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma gaisuwar ta ɗaga hannu ce daga cikin mota.

Kande ta rasu, yau shekara biyu da wata biyar ke nan. Ƴa ɗaya Allah ya bar mana, Nafissa. Ta tafi karatu Amurka, ta yi aure can da wani yaron kirki ɗan Tawa, Allah ya ba su ƴa ɗaya, Huda. Shekararta takwas yanzu. Sau ɗaya aka taɓa kawo mana ita, tana tatata. Ban da wannan, a gilashin salula na san jikata. Ba ta jin Hausa, in ban da "sannu" da "Kaka" da "na gode". Faransanci ma babu. Ingilishi ne kawai a bakinta.

Da Kande na raye ban san wannan matsala ce ba. Duk Lahadi bayan la'asar, lokacin su can rana ba ta gama take tsaka ba, Nafissa takan kira ta bidiyo. Kande ce mai riƙe salula. Matar nan ba ta taɓa zama a aji ba, ko "bonjur" ta zo faɗa sai ta karkace shi, amma sai su share rabin awa ita da yarinyar. Ta shiga da ita madafa ta buɗe mata tukunya, ta kamo kaza ta ɗaga mata, ta yi mata tsiya irin ta kaka da jika, ta ce mata mummuna mai hancin ubanta. Waccan na zuba Ingilishi, wannan na zuba Hausa, suna ta ƙyaƙyata dariya. Ni kuwa sai in leƙo ta bayan kafaɗarta in ɗaga hannu, in koma kan jaridata. Har ba'a nake yi mata, ina cewa ku biyun nan kowa shirmensa yake yi shi kaɗai.

Bayan an yi arba'in, Lahadi ta zo, salula ta yi ƙara, na ɗauka. Muka gama magana da Nafissa, ta miƙa wa yarinya. Ta ce, "Kaka." Na ce, "Huda." Shi ke nan, muka tsaya muna kallon juna. Na ga idonta yana leƙen bayana, tana neman wadda ta saba gani.

A cikin makon nan na je na rubuta sunana a wata cibiyar koyon harsuna a unguwar Dar es Salam, Talata da Alhamis da yamma. Ni ne tsohon ajin. Sauran duk yara ne masu neman aiki a ƙungiyoyin waje ko masu son tafiya karatu. Malaminmu Faruk ɗan Gana ne, bai wuce sa'an Nafissa ba, kuma yana da haƙuri. Hajiya, ba yabon kai ba, nahawun Ingilishi bai ba ni wuya ba. Wanda ya yi shekara talatin yana kokawa da aikatau na Faransanci, na Ingilishi abin wasa ne a wurinsa. Jarrabawar da muka yi ta ƙarshe, sha tara bisa ashirin na samu. Ina karanta labarai, ina iya rubuta wasiƙa shafi guda ba tare da na buɗe ƙamus ba sai jifa-jifa.

Amma akwai minti goma sha biyar a ƙarshen kowane darasi da Faruk ke cewa a rufe kaye, wato littafin rubutu, kowa ya juya ga na kusa da shi, a yi hira kawai. A kan zafi, a kan abin da aka ci da rana, a kan cunkoson gada. Nan ne nake ƙarewa. Kafin in gina jimlata da Faransanci, in juya ta Ingilishi, in duba ko aikatau ya zauna daidai, yaron da ke gabana ya gama zancen zafi ya koma na ƙwallo. Su suna ta kwaɓa kuskure, kunnena yana jin kowane ɗaya, har hannuna ƙaiƙayi yake yi yana neman jan bik, alƙalamin gyara, amma hirarsu tana tafiya. Tawa ce ba ta da kuskure ko ɗaya, saboda ba ta fito ba.

Faruk ya ce in nemi wanda zan riƙa taɓawa da shi a waje. Na tashi takanas na tafi kasuwar Wadata, wurin wani mai sayar da kayan lantarki da aka ce mini mutumin Najeriya ne. Tun a taksi nake maimaita jimlata, wadda ma'anarta ita ce, yau ana zafi sosai, ko ba haka ba? Na isa na faɗa masa ita tsaf, ban ci ko harafi ɗaya ba. Ya dube ni ya ce da Hausa, "Wallahi kuwa, Baba. Ƙwan fitila kake so?" Na sayi ƙwan fitilar da ba ni da bukatarsa, na dawo gida.

To bari in zo ga Huda, don ita ce dalilin komai. Duk Asabar nakan zauna in rubuta tambayoyi goma a kaye, in gyara su, in haddace. Lahadi ta yi, in jingina salula a jikin butar shayi, kaye a cinyata inda ba za ta gani ba. In ce, "How are you?" Ta ce, "Fine." In tambayi lakkwal, ta ce, "Good." In tambayi me ta ci yau, ta faɗi sunan wani abin da ban taɓa ji ba. In aka yi sa'a ta ja magana da tsawo, da sauri take yi, tana haɗiye rabin kalmomin, ba kamar Ingilishin Faruk ba da yake fita ɗaiɗai. Sai in ji kunyar in ce ban gane ba, in ce mata "very good", wato da kyau, in wuce tambaya ta gaba. Wata rana ashe cewa ta yi ɗan kifin da take kiwo a kwalba ya mutu. Na ce mata da kyau. Nafissa ce ta gaya mini daga baya tana dariya. Ni ban yi dariya ba, ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Tambayoyi goman nan minti huɗu suke ɗauka. Na auna da agogo. In sun ƙare sai shiru, ta kalli gefe, ni in kalli kaye, sai ta ce "bye, Kaka", ta miƙa wa uwarta.

Lahadi uku da suka wuce, Nafissa ta kira kamar kullum. Muka gaisa, ta ajiye salula a tebur, ina kallon silin ɗinsu, ta tafi kiran yarinya. Ba ta san murya tana isowa ba. Na ji Huda ta yi magana daga nesa, kuma in na mayar da ita Hausa ga abin da ta ce: "Mama, dole ne? Kullum tambayoyinsa iri ɗaya ne. Kamar ana yi mini jarrabawa." Hajiya, shekara biyu ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da zan ji maganar jikata daga farko har ƙarshe ba tare da an fassara mini ba. Ranar ta zo. Ban rasa kalma ko ɗaya ba.

Ta zo ta zauna, ta yi mini murmushin ladabi irin wanda ɗalibai suke yi mini da. Na rufe kaye. Na gaishe ta, ta ce lafiya. Sai na ce rezo ba shi da kyau, na kashe.

Tun daga nan ban sake ɗaukar kiran Lahadi ba. Ta farko na rubuta wa Nafissa cewa an ɗauke kuran, caji ya ƙare. Ta biyu na ce na je ta'aziyya. Duk ƙarya ne, Allah ya yafe mini. Ina zaune a tsakar gida ina kallon salula tana ƙara har ta gaji ta yi shiru.

Akwai kuma abin da ban so faɗa ba, amma tunda na fara bari in ƙarasa. Ina jin haushin ƴata. Ita Bahaushiya, mijinta Bahaushe, a ce ƴarsu ba ta iya ce wa kakanta ina wuni ba? Bara na taɓa yi mata wannan magana da ɗan zafi. Sai ta ce, "Papa, ni da wane yare kake yi mini magana a gida?" Tun tana rarrafe Faransanci nake yi mata, don ina son ta yi gaba a karatu. Hausarta a wurin uwarta ta tsinta. A lakkwal kuwa ni ne mai rataya wa yara sambol, ƙashin nan da ake sa wa wanda aka kama yana Hausa a aji, ya yi ta yawo da shi a wuya har ya kama wani. Na san ba ni da bakin magana. Duk da haka haushin bai tafi ba.

Ba zan ɓoye miki ba, gidan nan ya yi mini girma. Wani lokaci sai in lura tun daga asuba har isha'i ban furta komai ba in ban da salla da amsa gaisuwa. Ina da aboki ɗaya da ya rage, Illo, tare muka yi makarantar horon malamai. Yana Harobanda, hayin kogi. Tun da gwiwa ta kama shi ba ya tsallako gada, ni kuma kullum ina cewa gobe zan je. Akwai itacen lemun tsami da Kande ta shuka a bakin rijiya, in ina ba shi ruwa da safe nakan yi masa hira da Ingilishi, in gaya masa an yi zafi jiya, in gaya masa tumatir ya yi tsada. Da shi bakina ba ya ɗaurewa. In maƙwabta suna ji ta katanga, Allah kaɗai ya san abin da suke cewa.

Shekaranjiya sai ga wokal ta shigo daga lambar Nafissa, daƙiƙa goma sha ɗaya. Muryar Huda ce. Ta ce da Ingilishi, "Kaka, ba ka da lafiya ne? Haƙorina ya fita." Ta yi sallama. Ban san sau nawa na saurara ba. Ban kuma sani ba ko uwarta ce ta tsare ta ta sa ta yi. Na zauna in shirya amsa, na cika shafi biyu a kan muhimmancin wanke baki safe da yamma. Da na karanta na ga abin da na rubuta, na ajiye bik.

Ga tambayata, Hajiya. In bar yarinyar nan ta huta, mu tsaya a gaisuwar Salla da ta azumi? Ko in ci gaba ina takura mata duk mako har ta girma ta tsane ni gaba ɗaya? Kuma wai me mutane suke cewa ne bayan an ce lafiya lau? Nafissa tana zancen za su zo bakans, wato babban hutu na baɗi, su yi sati uku. Da na ɗauka ranar da zan ji haka rawa zan taka. Yanzu tsoro nake ji. Minti huɗu ya gagare ni, ina ga sati uku a gida ɗaya?

Na gode da haƙurinki.

Kakan da bakinsa ya ɗaure,
Bobiel, Yamai

*

Baba Malam, wa alaikumus salam.

Allah ya jiƙan Hajiya Kande, ya kai haske kabarinta, ya ba ka haƙurin rashinta. Ba wanda zai karanta takardarka ya yi maka dariyar raini. Ni dai na yi murmushi wurin ƙwan fitila, wannan ba zan musa ba, amma da na zo wurin silin sai na ajiye takardar na ɗan jima.

Bari in amsa tambayarka ta farko kai tsaye. A'a, kada ka janye. Kuma ƙaryar kuran da ta ta'aziyya ta tsaya haka nan. Ƴarka tana wata uwa duniya, uwarta ba ta daɗe da rasuwa ba, kai kaɗai ka rage mata. Uban da ya daina ɗaukar waya makonni biyu a jere, ba rezo ƴarsa take tunani ba, asibiti take tunani. Ka duba tambayar da aka aiko maka a wokal, za ka gane abin da ake tattaunawa a gidan can.

Maganar da ka ji ta yi zafi, na yarda. Amma mu sake jin ta tare. Yarinyar ba ta ce ba ta sonka ba, ba ta ce ba ta son ganinka ba. Cewa ta yi tambayoyinka iri ɗaya ne, kamar jarrabawa. To, Malam, tsakaninka da Allah, ƙarya ta yi? Tambaya goma, an rubuta tun Asabar, an haddace, an auna da agogo. Ni da nake da jikoki, in aka zaunar da ni haka duk mako zan ce dole ne. Ƴar shekara takwas ta faɗa wa uwarta gaskiya a cikin ɗakinsu, sannan ta zo ta zauna gabanka da ladabi. Wannan tarbiyya ce, ba ƙiyayya ba.

Kuma ban yarda Ingilishi ne ya gaza maka ba. Kana da wanda ya ishe ka har ya yi saura. Kai da bakinka ka ce lokacin da ake hirar nan ta rabin awa, leƙowa kake yi ka koma kan jarida. Ina zaton haka abin yake da maƙwabta, da ƴan uwa, da masu zuwa barka da ta'aziyya. Marigayiya ce take riƙe muku wannan ɓangaren na rayuwa, kai kana riƙe da wani. Gidaje da yawa haka suke, ba laifi ba ne. Da ta tafi sai aikin ya faɗo kanka, kuma ya faɗo da yaren da ba naka ba, sai ka ɗauka yaren ne matsalar.

Ka tambaye ni me ake cewa bayan lafiya lau. Ka dubi tamu. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina zafi, yaya muka ji da rashin ruwa. Wa yake neman labari a ciki? Mai tambayarka ina zafi a watan Afirilu ya san amsa. Tsayawa ce kawai kusa da mutum na ɗan lokaci, don ya san an gan shi. Ta Ingilishi ma haka take. Shi ya sa ba ta bukatar jimla mai kyau. Mutumin Wadata ma ai ya amsa maka. Ka ce ana zafi, ya ce wallahi kuwa. Hirar ta yi, kai ne ka ba ta sifiri don ba ta dawo da yaren da ka aika ta ba.

Yanzu ga abin yi. Ka bar kaye a ɗaki. Maimakon ka fara da tambaya, ka fara da ba ta wani abu naka, da kalma uku ko huɗu: yau akuyar maƙwabci ta shigo ta ci mini ganye, yau na ƙona shinkafa. Yaro ya fi son a ba shi labari ya tsoma baki, a kan a tsare shi da tambaya. Ka ɗauke salula daga jikin buta ka yi yawo da ita. Nuna mata lemun tsamin kakarta, ka sa ta ƙirga ƴaƴan da ke sama. Abin da ido ya gani ba ya bukatar nahawu. In ita ta ja magana, ƴan kalmomi ƙalilan sun ishe ka ka riƙe ta: "Really?", wato da gaske, da "And then?", wato sai me ya faru, da "Show me", wato nuna mini. Ka ga ba aikatau ɗin da za ka tsaya dubawa a ciki.

In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. "Very good" ɗin nan ka sallame shi. Ka ce mata ta maimaita a hankali, kakanta tsoho ne, Ingilishinsa sabo ne. Ban taɓa ganin yaron da ba ya son a mayar da shi malami ba. Ka roƙe ta ta riƙa gyara maka lafazi, ka bari ta yi maka dariya in ka karkace kalma. In ta ba ka ɗaya, kai ma ka ba ta ɗaya ta Hausa, kamar musaya. Amma ka ji ni da kyau, Malam: mako mai zuwa kada ka tambaye ta ko ta riƙe. In ta manta, ta manta. Kuma ka koma kan kifin nan. Ka ce mata ranar ba ka gane ba ne, ka yi mata jaje, ka tambayi sunansa. Na tabbata yana da suna, kuma na tabbata ba ta manta ba.

A ajin Faruk ma ka juya lissafin. A minti goma sha biyar ɗin nan, ranar da ka fita ba ka yi kuskure biyar da ƙarfi kowa ya ji ba, ka ɗauka ka faɗi. Ka yi shekara talatin da huɗu kana hukunta kuskure, ba mamaki bakinka ya ji tsoronka. Zancen sambol kuwa, zamani ne ya zo da shi, ba kai ka ƙirƙiro shi ba, ko da yake na ji daɗi da ka faɗe shi ba tare da ka wanke kanka ba. Ni ma na rataya shi a aji uku, har yau ina tuna warinsa. Ka nemi gafarar Allah, ka bar shi a nan.

Haushinka a kan Nafissa yana da ɗan tushe. Da ita da mijinta sun matsa, da yarinyar ta fi haka jin Hausa, kuma hasara ce a gare ta ita ma. Sai dai ka dubi nata ɓangaren. Mutum biyu suna fita aiki, yarinya tana wuni a cikin Ingilishi, ta dawo kowa a gajiye. Duk da haka shekara takwas ƴarka ba ta fasa kiran Lahadi ba. Wadda ba ta damu jikarka ta san ka ba, ba za ta yi wannan ba. Ka kira ta ita kaɗai ka gaya mata abin da ka ji da abin da ka yi bayan nan, ba da sigar ƙara ba, kuma ka roƙe ta kada ta yi wa yarinya faɗa. In aka yi mata faɗa, daga ranar za ta fara ɓoye maka fuskarta ta gaskiya. Ka tambayi uwar sunan ƙawayenta da abin da take so a kwanakin nan. Ka roƙi kuma su ɗan riƙa sa mata Hausa a wurin cin abinci kafin baɗi. Roƙo, ba hukunci ba.

Akwai wata magana da ba za ta yi maka daɗi ba. Kaɗaicin da ke gidan nan ya fi ƙarfin yarinya ƴar shekara takwas. In duk makonka yana rataye a kan kira ɗaya, za ta ji nauyin ko ba ka faɗa ba, yara suna ji. Ka hau taksi ka tsallaka Harobanda ranar Juma'ar nan. Illo ba zai duba maka aikatau ba, kuma mai ciwon gwiwa da ba ya fita, ina jin ya fi ka bukatar baƙo. Ka fito da kujera ƙofar gida bayan la'asar da butar shayinka, ko sau biyu a mako. Masu ɗaga hannu daga mota, wata rana ɗaya zai tsaya. In kuma rashin ci ko rashin barci ya zame maka jiki, ka ga likita, ba abin kunya ba ne.

Ba zan yi maka alkawarin za ku zama kamar yadda suke da marigayiya ba. Wasu Lahadin za su zo a bushe, yarinya tana son ta koma wasanta. In ka ga haka, ka sallame ta da fara'a tun a minti na biyu. Sati ukun baɗi kuma kada su hana ka sukuni. Zama a gida ɗaya ya fi salula sauƙi nesa ba kusa ba, don akwai kasuwa, akwai bakin kogi, akwai mangwaro, kuma shiru ba ya nauyi in mutum biyu suna ɓarar gyaɗa a tabarma ɗaya.

Wokal ɗin nan kuwa, ko uwarta ce ta sa ta tambayi lafiyarka, haƙorin nata ne. Ba wanda ya rubuta mata shi. Ta kawo maka irin hirar da ka je har Wadata kana nema. Shafi biyun nan ka hura wutar shayi da su. Ka gaya mata a nan ana kiran abin famfara. Ka gaya mata da kana yaro cewa ake yi in ƙadangare ya ga giɓin, sabon haƙori ba zai fito ba, don haka ta rufe bakinta in ta gan shi. Bobiel ba a rasa ƙadangare a katanga, ɗauki hoton ɗaya ka aika mata. Ka tambaye ta na sama ne ko na ƙasa. In kai ma kana da giɓi, a shekarunka ba na raba ɗayan biyu, ka nuna mata naka.

Kada ka jira Lahadi, kuma kada ka rubuta kafin ka faɗa. Danna ka yi magana yadda ta zo, ka aika ba tare da ka saurara ba. Yarinyar ta tambaye ka ko ba ka da lafiya, kuma har yanzu ba wanda ya ba ta amsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya raya Huda, ya kawo su gida lafiya ya same ka da ƙarfinka.

Taka,
Hajiya Haoua